Dariya Ta Bayan Bango

A Semarang, in ruwan teku ya hauro unguwa
ya shigo ɗaki har idon sawu,
sai mu ɗage ƙafa kan benci mu jira.
Nan Wiryo da jikanmu Bagas ke tono tsohuwar gardama.

Wiryo ya ce, "Namu su uku ne:
dogo mai laima ba rufi, gajere mai hular aro,
da wani mai teɓa da bai taɓa cewa uffan ba.
Ba launi, ba mai faɗuwa a madadinsu.
In ka ga mutum ya gangaro daga bene,
ƙugunsa ne ya biya."

Bagas ya ce, "Minti goma ana bin mutum da tsintsiya?
Namu, kafin shayi ya huce,
sun kashe ka sau bakwai."
Ya miƙa waya. Tsoho ya hau laluben tabarau.
Kafin ya samu, wasa ya ƙare.

Ni ba mai tambayata.
Shekara talatin da ɗaya ina yagar tikiti
a wani akurki bakin silima,
ƙwan fitila ɗaya, fanka mai tari,
ban taɓa ganin fim daga kai har wutsiya ba.
Ta bango na san su.

Dariyar 'yan ukun daga cibiya take tasowa,
ta 'yan dakon tashar jirgin ruwa da masu keken haya,
har sulallan gwangwanina su kama rawa.

Akwai waɗanda kaka da jika suka tsallake,
na zamanin ɗana Handoko,
su huɗu, da gashin baki da jakar ofis.
Lokacin baki na da tsada.
Sai su kawo akuya mai son kujera,
kowa kuwa ya san akuyar.
Dariyarsu takan makara,
ta waiga hagu, ta waiga dama,
sannan ta sulale ta hanci kamar mai satar fita.
Wani dare almakashi ya ci tsakiyar fim,
allo ya yi fari fat,
jama'a suka yi ta ƙyaƙyatawa farin allo.
Ban taɓa jin mai tsawonta ba.
Fim na gaba su uku suka fito.
Ba wanda ya tambaya.

Na Bagas a fuskarsa nake ganinsu:
shuɗin haske, kafaɗa na motsi, ba sauti.
Amma ranar da aka sallame shi daga aiki
da su ya kwana a tafin hannu,
da safe ya cinye shinkafarsa.
Ba na raina maganin da ya sa yaro ya ci abinci.

Ga abin da ban gaya musu ba.
Wata Laraba, dab da silimar ta koma wurin ajiye babura,
wani tsoho ya zo, riga ta yi masa yawa.
Ya ƙirga sulalla, biyu suka kasa.
Da kunnuwa na gane shi:
mai teɓar ne, teɓa ta tafi ta bar shi.
Na ce ya wuce.
Fim ɗin na yaran zamani ne, 'yan kallo ba su kai ashirin ba.
Na manna kunne a bango.
Can na tsinto wata dariya mai kauri, da tari a gindinta.
Shekara arba'in yana rabawa mutane,
sai ranar na ji tasa.

Da ya fito ya tsaya gaban tagata.
"Ba su iya faɗuwa ba," in ji shi,
"amma siririn can ya san jira."

Ruwa ya fara ja.
Takalmin Wiryo ɗaya ya bi shi,
yana tafe a natse, ya nufi ƙofa kamar mai zuwa kasuwa.
Bagas ya ɗaga waya.
Wiryo ya naɗe zani, ya sauko,
ya rarumi tsintsiya.